Bayani Kan Haɗa Ƙaramin Jirgin Ruwa Na Katako Da Gam Ɗin Efoksi Da Ƙyallen Faiba: Ga Al'ummar Moriki Da Kewaye

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Moriki, ko Zurmi, ko Ƙauran Namoda da Shinkafi, ya san cewa gulaben wannan yanki fuska biyu gare su. Da rani, Gulbin Gagare da ya biyo ta Ƙauran Namoda da Gulbin Bunsuru da ya ratsa ƙasar Zurmi kusan rairayi ne zalla, masu amalanke na ɗibar yashi a cikinsu, mai tafiya a ƙafa kuma ya ƙetare ba tare da ya naɗe wando ba. Amma da zarar marka ta kankama a watan Agusta, sai su cika su batse, su nufi arewa zuwa Gulbin Rima, su raba manomi da gonarsa, mai naƙuda da asibiti, ɗan kasuwa da kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. A wannan ɗan lokaci rayuwar ƙauyuka da dama takan rataya ne a kan jirgin fito guda ɗaya.

Jiharmu ta ɗanɗana ɗacin abin da kan biyo baya idan wannan jirgi ya gaza. A watan Satumba na 2024 wani kwale-kwale ya kife a Gummi da manoma masu zuwa gonakinsu, aka rasa rayuka masu yawa. A watan Agusta na 2025 kuma, a yankin Birnin Magaji da ke maƙwabtaka da mu, aƙalla mutum 13 suka rasu sa'ad da jama'a suka yi cincirindo cikin jirgi suna gudun harin 'yan bindiga. Allah Ya jiƙansu da rahama. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa kafintoci, da 'yan fito, da shugabannin al'umma bayani a kan wata hanya ta haɗa ƙaramin jirgi wanda ya dace da gulbin da ke ƙafewa wata bakwai ko takwas a shekara.

Me ya sa jiragenmu ke saurin lalacewa?

A da, masassaƙa ne ke fafe jirgi daga gungumen itace guda, irin su maɗaci da rimi. Irin waɗannan manyan itatuwa sun yi ƙaranci ƙwarai a dazuzzukanmu, don haka aka koma ga jirgin falanki, wanda ake jera katakai a buga da ƙusa, a cusa tsumma a tsakaninsu, a shafe da kwalta. Kafintocin bakin Kwara, irin na Yawuri, sun gwanance a wannan sana'a, kuma jirginsu yana yi musu aiki, domin a can ba ya rabuwa da ruwa. Katako idan yana cikin ruwa kumbura yake yi, sai falankan su matse juna, hanyar yoyo ta toshe.

A wurinmu lamarin ya sha bamban. Ruwa na janyewa, sai a bar jirgi a kan rairayi, domin nauyinsa ya fi ƙarfin a kai shi gida. Hunturu ya busar da shi, zafin bazara ya biyo baya, falankan su tsuke, haɗin ya buɗe, ƙusoshi su yi tsatsa su saki, gara kuma ta shiga ta ƙasa. Ranar da gulbi ya kawo, da wannan jirgin za a fara fito, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na kwasar ruwa da ƙwarya. Ruwan da ke cikin jirgi kuwa ba nauyi kawai yake ƙarawa ba, duk sa'ad da jirgin ya karkata sai ya gangara gefen da ya karkata, ya ƙara danne shi. Wannan na daga cikin dalilan da kan sa jirgin da ake gani lafiya lau ya kife cikin ƙiftawar ido.

Abin da muke buƙata ke nan: jirgi wanda bai dogara da kumburin katako ba kafin ya hana ruwa shiga, kuma marar nauyi, yadda mutum huɗu za su ɗauke shi, ko a ɗora shi a amalanken shanu a kai shi inuwa idan damina ta wuce.

Mene ne efoksi, mene ne faiba?

Efoksi wani gam ne da ke zuwa cikin mazubi biyu. Ɗaya shi ne gam ɗin kansa, ɗayan kuma mahaɗinsa ne, wanda ke sa shi daskarewa. Kowanne shi kaɗai ruwa ne mai kauri kamar zuma, amma idan aka gauraya su, cikin 'yan sa'o'i sai su zama abu mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Yawancinmu mun san shi ba tare da mun san sunansa ba, domin Araldite da makanikai da masu gyaran rediyo ke amfani da shi efoksi ne, kuma kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi a 1946. Bambancin kawai shi ne na aikin jirgi ya fi ruwa-ruwa, ya fi jinkirin kamawa, kuma da galan ake sayensa.

Faiba kuwa ƙyalle ne fari da aka saƙa da zaren gilashi siriri. Shi kaɗai laushi gare shi, amma idan aka shimfiɗa shi a kan katako aka jiƙa shi da efoksi, sai ya zama kamar fata mai tauri wadda ke kare katakon daga ruwa da gogar yashi.

Dabarar haɗa waɗannan da fale-falen katako, wato filawud, ta samo asali ne daga Ingila, inda wani malamin koyar da aikin katako mai suna Ken Littledyke ya fara ɗinke fale-falen da waya yana like haɗin da faiba a ƙarshen shekarun 1950. A 1962 aka fito da wani ƙaramin jirgi mai suna Mirror bisa wannan tsari, kuma an haɗa sama da 70,000 irinsa, da yawa daga ciki a cikin gidajen mutanen da ba kafintoci ba ne. A Amurka kuma, 'yan'uwan nan da ake kira Gougeon, a garin Bay City na jihar Michigan, sun fara sana'ar haɗa jirage a 1969, kuma su ne suka yaɗa amfani da efoksi wajen rufe katako gaba ɗaya. Ke nan ba sabon gwaji muke kawo wa jama'a ba, hanya ce da ta haura shekara sittin ana bin ta.

A nan akwai jan kunne. Akwai wani gam mai kama da efoksi da ake kira foliyesta, wanda masu gyaran bambar mota da tankunan ruwa ke aiki da shi. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma mai saye zai iya karɓar sa a matsayin efoksi bai sani ba. Ana gane shi da ƙarfin wari, da kuma cewa ɗigo kaɗan na mahaɗi ake zuba masa. Efoksi ba shi da wannan wari, kuma mahaɗinsa da yawa ake zubawa. Foliyesta ba ya kama katako da kyau, bayan ɗan lokaci yakan ɓamɓare, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa, katakon ya ruɓe a ɓoye. Araha ba ta ado.

Kayan aiki

Za mu ɗauki misalin jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa mita 4.8, faɗin gindinsa mita 1 a tsakiya, tsayin gefensa santimita 40. Faifan filawud guda tsawonsa mita 2.44 ne, faɗinsa mita 1.22. Ana buƙatar guda biyu masu kaurin milimita 9 domin gindi, da guda uku masu milimita 6 domin gefuna da shingayen ciki. Sai efoksi kimanin lita 10 zuwa 12, da saƙaƙƙen ƙyallen faiba mai nauyin giram 200 a kowane murabba'in mita, da wayar tagulla irin ta cikin tsohon kebur, da lallausan garin katako da aka tankaɗe, da busasshen katako mai ƙwari na bakin jirgi da kujeru, da samfefa da fenti. Zarto da abin huda katako da burushi duk akwai su a shagon kowane kafinta.

Filawud shi ne inda aka fi yin asara. Wanda ake yin silin da kabad da shi ba na ruwa ba ne, gam ɗin da ya riƙe fallayensa narkewa yake yi. Wanda ake nema shi ne na aikin jirgi, kuma nagarinsa kan zo da lamba BS 1088 a jikinsa. Sai dai hatimi ba shi da wuyar bugawa, don haka kada a dogara da shi. A yanki ɗan guntu, a tafasa shi cikin tukunya na awa biyu, a shanya ya bushe, a sake tafasawa. Idan fallayen suka rabu, a mayar wa mai shi da kayansa. Irin wannan filawud da efoksi mai yawa sai an aika manyan birane kamar Legas da Fatakwal, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Shi ya sa muke ganin aikin ya fi dacewa da ƙungiyar manoman fadama ko ta 'yan fito, a haɗa kuɗi a sayo na jirage biyu ko uku a tashi ɗaya.

Yadda ake haɗawa

Da farko ana haɗa fale-falen biyu baki da baki domin a sami tsawon da ake so, ta hanyar ɗora wani guntun filawud mai faɗin kamar santimita 20 a kan mahaɗar daga ciki, a like da efoksi, a danne da bulo har ya kama. Sannan a zana siffar gindi da ta gefuna, a yanke. Wajibi ne gefunan biyu su zama daidai wa daida, don haka a ɗora ɗaya bisa ɗaya a yanke su tare. Jirgin da gefensa ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba zai taɓa tafiya a miƙe ba.

Daga nan sai ɗinki. Ana huda ƙananan ramuka a bakin gindi da bakin gefuna, tazarar kamar santimita 15, a zura guntayen waya a murɗe su daga waje, kamar yadda ake ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Kada a matse tun farko. Sai an saka allon gaba da na baya da shingayen ciki, an auna daga kusurwa zuwa kusurwa an tabbatar jirgin bai murɗe ba, sannan a bi wayoyin a ƙara matsewa.

Sai a kwaɓa efoksi da garin katako har ya yi kauri kamar tunkuza mai laushi, wanda idan aka ɗebo da cokali ba zai zuba ba. A cika kusurwoyin ciki da shi, a shafe da bayan cokali ya yi lanƙwasa, a ɗora zirin ƙyallen faiba mai faɗin santimita 10 a kai, a jiƙa shi da tsurar efoksi. Washegari a kife jirgin, a cire wayoyin, a cike ramukan, a goge kaifin kusurwoyin waje su zama masu zagaye, domin faiba ba ta kwanciya a kan kaifi. Bayan haka a shimfiɗa babban ƙyallen a bayan jirgin duka, a zuba efoksi kaɗan-kaɗan daga tsakiya ana jan sa zuwa baki da guntun roba. Alamar ya jiƙu ita ce farin ƙyallen ya ɓace a riƙa ganin katako ta cikinsa. Duk inda ya rage fari, iska ce ko ƙarancin gam, kuma nan ne ruwa zai fara shiga. A ƙara shafi biyu a waje, a yi wa ciki ma shafi biyu ko uku, musamman bakin filawud inda aka yanka, domin ta nan ya fi shan ruwa. A ƙarshe a manna katakai biyu ko uku a tsawon gindin daga waje, su ne za su riƙa gogar yashi a mafita.

Abin da yanayinmu ke yi wa efoksi

Akasarin littattafan da aka rubuta kan wannan aiki an yi su ne domin ƙasashe masu sanyi, inda damuwarsu ita ce gam ya ƙi kamawa. Mu tamu damuwar akasin haka ce. Zafi na gaggauta daskarewar efoksi, kuma bisa ƙiyasi, duk ƙarin digiri 10 na rage lokacin aiki da kusan rabi. Gam ɗin da zai ba mutum minti 40 a wuri mai digiri 20, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 bai fi ya ba shi minti 10 ba. Bugu da ƙari, efoksi na haifar da zafin kansa yayin da yake kamawa, kuma idan aka bar shi da yawa cikin gwangwani mai zurfi zai iya yin hayaƙi har ya narka mazubin roba. Don haka a nemi mahaɗi mai jinkirin kamawa, a riƙa kwaɓa kaɗan, kamar cikin kofin shayi ɗaya ko biyu, a juye a faranti mai faɗi, a kuma ajiye galan-galan ɗin a inuwa, ko a gindin randa.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kammala girbi. Katako a bushe yake, zafi da sauƙi, hannu kuma ya samu sarari. Illar wannan lokaci ita ce ƙurar hunturu, wadda ke manne wa ɗanyen gam. A yi aikin cikin zaure ko rumfa da aka kewaye da tabarmi, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara.

Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne, shafin farko a kan tsurar katako da la'asar ake yin sa, ba da hantsi ba. Idan rana na ɗagawa, iskar da ke cikin katako faɗaɗa take yi tana fitowa, sai ta bar ƙananan kumfa a jikin gam, kowanne kuma rami ne. Idan gari ya fara sanyi kuwa, katakon zuƙar gam ɗin yake yi ciki.

Game da awo, babu sassauci. Wani efoksin kashi biyu ne na gam da kashi ɗaya na mahaɗi, wani biyar da ɗaya, kuma abin da kamfanin ya rubuta a jikin galan shi za a bi. Ƙara mahaɗi ba ya sa shi saurin kamawa, ɓata shi yake yi ya zauna da danƙo har abada. A auna da kofi mai alama, a juya sosai na minti biyu ana kankare gefe da gindin mazubin.

Haka zalika, hasken rana na cinye efoksi idan an bar shi tsirara. Bayan kamar mako guda da shafin ƙarshe, a wanke jirgin da ruwa, a goge da samfefa, a yi masa fenti mai haske shafi biyu. Baƙin fenti na tara zafi, zafi kuma na sassauta gam.

Lafiyar mai aiki

Ɗanyen efoksi na sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa yakan zauna da wannan matsala har ƙarshen rayuwarsa. A sa safar hannu ta roba da riga mai dogon hannu. Idan ya taɓa fata a wanke da sabulu da ruwa, kada a goge da fetur ko kananzir, domin suna ƙara shigar da shi jiki. A rufe hanci da baki lokacin guga, a nisanta yara, kuma duk kofi ko farantin da aka kwaɓa gam a ciki ya bar ɗakin girki ke nan.

Kada a lulluɓe tsohon jirgi

Muna sane da cewa wani zai ce, tun da ina da jirgin falanki, me zai hana in lulluɓe shi da faiba in huta? Ba mu ba da wannan shawara ba. Falanki mai kauri kumbura yake yi yana tsukewa da ƙarfin da zai tsaga faibar a kan kowace mahaɗa, kuma efoksi ba ya kama katako mai laima ko wanda ya sha kwalta. Filawud ya dace da wannan aiki ne saboda fallayensa a gicciye aka jera su, ba ya motsi sosai. Tsohon jirgi a gyara shi irin gyaran da aka saba, a jiƙa shi kwanaki kafin a fara fito da shi.

Nawa jirgin zai ɗauka?

Wannan shi ne sashen da muke roƙon masu girma hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da kansiloli, da sarakunan ruwa su fi mayar da hankali a kai. Efoksi na hana yoyo, amma ba ya ƙara wa jirgi ko kilo ɗaya a kan abin da girmansa zai iya ɗauka, kuma wannan adadi ana iya lissafa shi tun jirgin bai taɓa ruwa ba.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi na nutsewa ne har sai ya ture ruwa daidai nauyinsa da na abin da ke cikinsa. Gindin jirgin da muka kwatanta, tun da ya tsuke a gaba da baya, faɗinsa kimanin murabba'in mita 3.5 ne. Ke nan duk santimita ɗaya da ya nutse, ya ɗauki kilo 35. Idan muka yarda ya nutse santimita 15, aka bar 25 a saman ruwa saboda igiya da karkata, jimilla kilo 525 ke nan. A cire nauyin jirgin kansa, kimanin kilo 80, saura 445. Wannan shi ne manya shida har da matuƙi, ba tare da kaya ba, ko kuwa matuƙi da buhu uku na hatsi masu kilo ɗari-ɗari da mai kayan. Babur ɗaya ya kai nauyin mutum biyu, kuma da yake nauyinsa a sama yake, sai an kwantar da shi an ɗaure.

A ja jan layi da fenti a kewayen jirgin daidai santimita 15 daga gindi, a rubuta adadin mutane da manyan lambobi a ciki da waje. Amfanin layin shi ne ya ɗauke wa ɗan fito nauyin gardama. Da wuya yaro matashi ya iya ce wa dattijo ko surukinsa ya jira sawu na biyu, amma idan mai gari ya sanar a masallaci da kasuwa cewa jirgin da ruwa ya rufe layinsa ba ya tashi, magana ta ƙare.

Har ila yau, a rufe gaba da bayan jirgin su zama akwatunan iska da ba sa shan ruwa, ko a ɗaure jarkoki huɗu masu lita 25 a ƙarƙashin kujeru, babu komai cikinsu, murafensu a matse. Jarkoki huɗu na riƙe kusan kilo 100, wanda zai sa jirgin da ya cika da ruwa ya tsaya a sama mutane su riƙe shi har taimako ya zo. Wannan bai maye gurbin rigar kariya ba. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta wajabta sanya wannan riga ga duk mai shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare.

Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi na ruwan fadama ne, da tafki, da gulbin da ya lafa. Ba a shiga da shi sa'ad da gulbi ya kawo bayan ruwan dare yana tafe da itatuwa da karmami. Kafin a ɗauki mutum ko ɗaya, a gwada sabon jirgi a ruwa marar zurfi da buhunan yashi daidai nauyin da aka rubuta, a gaban sarkin ruwa da wakilin mai gari, a bar shi ya yini a haka, a duba ko ya yi gumi.

Idan ruwa ya janye a watan Oktoba, a wanke jirgin, a duba gindinsa, duk inda yashi ya cinye fenti har faiba ta bayyana a goge a sake shafawa. Sannan a kai shi gida, a kife shi a kan duwatsu ko bulo cikin rumfa, yadda ba zai taɓa ƙasa ba saboda gara, a buɗe murafen akwatunan iska domin cikinsu ya bushe kafin wata damina.